Tsohon da Ba Ya Kallon Inda Aka Ce

"A yanke!" Darakta ta faɗa, ta cire abin sauraro daga kunnenta. Tsohon ya sake ɓata ɗaukar.

Fim ɗin ƙarami ne, kyamara ɗaya da fitila ta aro. Labarin wata budurwa ce da ta tsallaka ƙasar waje neman uban da ya tafi tun tana goye. Kowa a wurin ya san labarin Darakta ne da kanta. Ta zo wannan ƙasa, ta bi kasuwa da gidajen haya da sunan mahaifinta a baki, ba wanda ya san shi. Hoto kuwa babu, mahaifiyarta ta ƙone su tuntuni. Da ta gaji, sai ta ce in ba ta same shi ba, to za ta ƙirƙire shi.

Tsohon tela ne, Tela kawai ake kiransa. A shagonsa suka kai gyaran kayan wasa, ya ji labarin fim ɗin, ya daɗe bai taka keken ɗinkinsa ba. Washegari ya kawo kansa, wai ko sharar wuri ce zai yi. Fuskarsa ta dace, sai aka ba shi matsayin uban a fim ɗin.

Wasa dai bai iya ba, ko kusa. 'Yar wasan tana hagu da kyamara, shi kuma idonsa kullum yana dama, wajen da Darakta take tsaye. Rubutu ya ce idan yarinyar ta tambaye shi me ya hana shi dawowa, ya amsa, "Ba ni da hali." Shi kuwa sai ya ce, "Kunya ce."

"Baba, ka bi abin da aka rubuta mana," in ji Darakta.

Kofin shayin da ke hannunsa ya kife a kan tebur. Mai kyamara ya yi dariya, ya ce ya lura, duk sanda ta ce masa Baba sai wani abu ya faɗi. Ita kuwa haka take kiran duk wani mai furfura, har direban da ke kawo su.

Ranar ƙarshe haƙurinta ya ƙare. Hasken rana na gudu, ya sake cewa kunya ce.

"Kai me ka sani game da kunya?" ta ce a gaban kowa. "Mutumin nan ba kunya ce ta hana shi ba, bai damu ba ne. Ka kama hanyarka, Baba, mun gode."

Ya ninke rigar wasan, ya gyara mata maɓalli ɗaya da ya kwance, ya ajiye. A bakin ƙofa ya juyo ya tambaya ko mahaifiyarta tana raye. Ta ce tana nan, ba ta ko ɗago kai ba.

A ɗakin tace fim ta gane ɗaukar da ya ɓata ta fi duk sauran kyau, ta bar ta a cikin fim ɗin. Zuciyarta ta yi sanyi, ta buga wayar shagon don ta ba shi haƙuri. Maƙwabcinsa ne ya ɗauka, ya ce ai Tela ya rasu, an yi sati biyu. Ranar ta yi kuka, kukan wanda ya wulaƙanta baƙo ya rasa inda zai roƙe shi gafara.

Da ta koma gida ta kunna wa mahaifiyarta fim ɗin a falo. Tsohuwar tana ta tsiya, wai 'yar wasan ta fi ta kyau da ladabi. Sai fuskar Tela ta cika allon, yana kallon dama, ya ce, "Kunya ce."

Tsiyar ta tsaya. Mahaifiyar ta matsa kusa da allon, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo wajen 'yarta.

"Ashe kin samo babanki, shi ne ba ki faɗa mini ba?"