Ɗakin Inna

Ƙiwa ce ta ja wa Mainasara, wanda furfura ba ta raba shi da barkwanci ba. Sharaɗin Hassana na aurensa ɗaya ne: mahaifiyarta ta zauna da su. Sai ya kwafo zanen gidan maƙwabcinsa a Goronyo, ya rubuta "ɗakin Inna" a kusurwa, ya kai mata. Ya manta aikin Hassana ke nan, tayar da zanen takarda ya miƙe gini a kwamfuta.

Ta tayar da bangaye, ta juya gidan. Ɗakin ya fito ba taga, sai ramukan iska.

Ya yi yaƙe. "Ai Inna na son iska, ranki ya daɗe."

Ta dube shi, idonta ya kaɗa.

"Mi? Wanga rumbun albasa ne, Malam! Uwata za ka shanya? Ɗauki takardarka, ka auri albasar."