Birkin Saje

Saje ya sake taka birki, karo na huɗu tun fitowarsu daga gida.

"Bawan Allah, ina za ka?" ya tambayi wani mutum da ya ɗaga hannu a bakin titi.

"Ba ko'ina. Ƙuda nake kora."

Matar Saje ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. "Maigida, tun da ka bar aikin soja ka zama direban kyauta. Jiya mai yin miƙa ka tsaya wa, yau mai korar ƙuda. Likita ya ce ƙarfe tara, ga shi goma ta gota."

Bai yi dariya ba. Ya kashe motar. Shekara bakwai yana haɗiye maganar, yau ta ƙi haɗiyuwa.

"Lokacin yaƙi ina gadin shingen bincike a kan hanya, wani mutum ya taho da gudu yana ɗaga hannu. Na daka masa tsawa, bai tsaya ba, na harba. Ashe mota yake nema, matarsa ke naƙuda."

Ya jira ta ja da baya. Sai ta gyara masa wuyan riga.

"Na sani. Ka sha faɗa cikin barci." Ta miƙa masa katin asibitin: ƙarfe sha biyu aka rubuta. "Shekara bakwai ina yi maka ƙaryar lokaci, don ka yi tsaye-tsayenka. Tayar da mota, malam direba, ga wata tsohuwa can ta ɗaga hannu."