Tsagar da Ke Jikin Ƙota

Dillalin tsofaffin kaya ya kai libarbar kusa da tabaransa, sai ya yi fito.

"Iya, wa ya bar miki wannan?"

"Ubana," in ji maƙwabciyata, tana ɗaga haɓa. "Da ita ya yaƙi mai gandu lokacin da manoma suka tashi."

Duk ƙauyenmu mun san haka. Kowace Ranar Matattu, ranar da muke tuna waɗanda suka rasu, sai ta kwantar da bindigar cikin furanni, gaban hotonsa, mu zo mu kunna kyandir. Yanzu idon jikarta na son aiki, dole ta sayar. Ni kuwa na rako ta ne don ba na son labarin da ya kwana a bakin wani.

"Manoma?" Dillalin ya yi dariya. "Haba Iya, dubi nan. Tambarin da mai gandu ke yi wa shanunsa lalas da shi ne. Karnukan farautarsa kawai yake ba irin wannan. Ga tsaga bakwai a ƙota, kowacce kan mutum ce. Masu saye suna ƙara kuɗin peso a kan kowace tsaga. Kin yi sa'a!"

Maƙwabciyata ta dafa teburi. Ba ta dube ni ba.

Gawar manoma bakwai aka tsamo daga kogi a shekarar da suka tashi, ina goye a bayan uwata.

Maƙwabciyata ta miƙa hannu ta karɓi kuɗin bindigar. Ni na bi ƙotar da babban yatsa, a hankali, ina laluben wacce tsagar ce ta ubana.