Kusurwar da Ba Ta Ƙoshi da Ruwa Ba

Asher ya ɗaga bokiti ya juye ruwan a kan buhunan da ke shimfiɗe a kusurwar gabas. Ƙasa ta yi ƙara kamar an zuba ruwa a kaskon suya. Zafin Maris ne a Kafanchan, irin wanda yake sa birkila ya ji rodi na ƙona masa tafin hannu tun hantsi.

Filin sabon gidan mai ne a bakin titi. Sun zuba masa kankare mai kauri, wanda tanka za ta taka bai ce uffan ba. Kowane lebura ya san dokar aikin: sabon kankare jariri ne, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, a yi ta ba shi ruwa, in ba haka ba rana ta tsattsage shi.

Sauran filin ya sha ya ƙoshi tuntuni, an kwashe buhunansa, ya yi fari fat. Kusurwar gabas kaɗai ta rage a lulluɓe da tsofaffin buhunan citta da Asher ya kwaso daga gida.

Tun da Asher ya dawo aiki da askakken kai irin na masu makoki, ba ya barin kowa ya matsa wurin. In mai baro ya nufo, sai ya tare shi ya nuna masa wata hanya. In an tashi cin abinci, sauran su tafi gindin mangwaro wajen mai shinkafa da wake, shi kuwa ya zauna a rana kusa da buhunansa, bai ci ba, bai sha ba.

Leburori suka fara ƙus-ƙus. Wani ya ce kankaren ne ya tsage yake ɓoyewa. Wani ya ce yashi ya fi siminti yawa a wurin, a tambayi Asher inda ragowar simintin ya shiga. Baba Gilbert, dattijon da ya koya masa riƙe cokalin gini, shi kaɗai ne ba ya sa baki. In maganar ta yi yawa sai ya ce, "Ku bar yaron nan."

Oga Ishmael, ɗan kwangilar, ya taɓa tambaya sau ɗaya daga cikin mota.

"Bai gama shan ruwa ba, Oga," in ji Asher.

Ya sake tambaya wani zuwan, ya sami amsa iri ɗaya. Ran da mai gidan man ya aiko cewa zai zo ya karɓi aikinsa, Oga Ishmael ya fito daga mota da kansa, yana share wuya da hankici.

"Kai, kankare ne ko raƙumi? Cire buhun nan."

Asher ya tsaya tsakaninsa da kusurwar, bokiti a hannu.

"Na san abin da ya same ka, na kuma yi maka gaisuwa," in ji Oga. "Amma aiki aiki ne. Ka cire, ko ka ajiye bokitin ka kama hanya."

Ba wanda ya motsa. Sai Baba Gilbert ya tako a hankali, ya dafa kafaɗar Asher, ya sunkuya ya janye buhunan ɗaya bayan ɗaya.

Babu tsaga ko ɗaya. Kankaren ya kwanta sumul, ya fi ko'ina kyau a filin. A tsakiyarsa akwai sawun ƙafa biyu, ba takalmi. Na hagu ya nutse sosai, har ana ganin faso a diddige. Na dama rabi ne kawai, kamar mai shi ya ji an daka masa tsawa ya ja da baya.

"Saboda wannan?" Oga ya juya yana duban mutanensa. "Ƙafar wa?"

"Wata mata ce daga ƙauye," in ji Baba Gilbert. "Ta zo kasuwa, ta biyo ta kawo abinci ran da muka zuba nan. Ta ga wurin yana ƙyalli, ta ɗauka ya bushe. Sai ta tuɓe silifas, wai kar ta ɓata mana aiki da ƙura."

Wani lebura ya fara dariya, ya dubi fuskar dattijon, ya haɗiye ta.

"Ba zan miƙa fili da ƙafar mutum a ciki ba," in ji Oga. "A fasa, a sake zubawa kafin rana ta yi tsaka. Kai da ka ɓoye, kai za ka fasa."

Aka kawo guduma aka ɗora wa Asher a hannu. Ƙotar ta sha rana, amma bai ji zafinta ba. Ruwan da ya zuba ya taru a cikin sawun, yana ƙafewa daga gefe.

Ya tuna yadda ya yi wa mai sawun ihu ran nan a gaban kowa, cewa ta kashe masa aiki, ta tafi, ta tafi kawai. Ta tsaya da siminti har idon sawu, kwanon acca a hannu. Ta ajiye kwanon, ta ce ya yi haƙuri, ba ta sani ba. Da ma ta ce za ta jira shi ya tashi su tafi gida tare a motar yamma. Sai ta ɗauki silifas ɗinta a hannu, ta tsallaka titi, ta shiga motar farko da ta tsaya.

Asher ya ɗaga gudumar sama da kansa.

Motar da mamarsa ta shiga ran nan ita ce wadda 'yan bindiga suka tare a hanyar Godogodo, kuma da kayan da take sanye da su aka gane gawarta.