Suna na Goma

Sunaye tara ke kan takardar, ga katunan ɗan ƙasa shuɗaye guda tara an jera a gefe. Prayun, ɗaya daga cikin masu sunayen, ya ƙirga su har sau uku, ko za su haihu.

Doka ta ce sai 'yan ƙasa goma kafin a yi wa ƙungiyar ƙwadago rajista. Baƙi mutanen maƙwabciyar ƙasa Bama, waɗanda su suka cika kamfanin ɓare jatan lande ɗin nan na garin Mahachai, suna iya shiga daga baya, amma ba sa kafawa. Prayun na ganin hakan daidai ne, baƙo ya ci tuwonsa ya ja bakinsa. Gwaggo Daeng kuwa kullum lokacin cin abinci sai ta wanke shi tas, ta ce ruwan ƙanƙarar da ke cinye musu yatsu bai taɓa duba katin kowa ba.

Ita ta fara kawo maganar ƙungiya. Ita ta haddace dokar, ta bi taran nan ɗaya bayan ɗaya har suka sa hannu. Shekara ashirin da biyu tana wurin, ko bikin watsa ruwa na sabuwar shekara ba ta zuwa gida. Kowa Gwaggo Daeng, Gwaggo Daeng, a garin da laƙabi ya ishi kowa. Amma da zarar takarda ta iso gabanta, sai ta ce hannunta a jiƙe yake.

Ranar Laraba labari ya kai kunnen manaja. In takardar ba ta shiga ofishin ƙwadago kafin Juma'a ba, taran nan korarru ne, babu dokar da za ta tare musu.

Prayun ya tsare ta a gaban kowa.

“Gwaggo, nawa suka ba ki? Kin kai mu kin baro.”

Ta ce ya nemi wani. Ya ce wa ya rage, in ba waɗancan cima-zaune ba? Matan Bama da ke ƙarshen tebur suka sunkuyar da kai. Wata cikin taran ta tofar da yawu.

Gwaggo Daeng ta goge hannunta, ta zaro 'yar jaka daga ƙirjinta, ta ajiye kati kusa da nasu.

“Ga shi, ɗan nan. Rubuta, in doka ta yarda.”

Katin ruwan hoda ne, irin na baƙi, sunan da ke kai na matan Bama ne: Ma Htwe Yi.