An Tace Bangon

Tun da aka gyara tsohuwar kwalejin Turawa, aka sa mata na'urar da ke zaro muryoyin da bango ya haɗiye, mutane suke tururuwa. Malam Jatau ma ya zo, yana dogara sanda. Kakansa Tanko ne shugaban maginan da suka ɗora tubalan nan, kuma a gida an ce da waƙa yake yaɓe.

"'Yata, waƙarsa na zo ji," ya ce wa Kubura, mai kula da baƙi.

"Baba, an tace bangon. Duk abin da ba na aji ko ofis ba, an ce hayaniya ce, an goge."

"Hayaniya? Shi fa ya gina wurin!"

Ta yi jim. "Akwai shi wuri ɗaya, a ofishin shugaba."

Jatau ya kara kunne. Wani Bature ya daka tsawa: "Tanko! Bangon nan ya karkace!"

Sai wata murya ƙasa-ƙasa, irin ta mahaifin Jatau sak: "Tuba nake, ranka ya daɗe."

"In maimaita maka, Baba?"

Jatau ya kanne ido ɗaya, ya bi bangon da kallo har ƙarshe.

"Kashe," ya ce. "A miƙe yake."