Masunci da Wayar da Ba Ta da Rasit

Tunda ka ce ƙarin da ake yi wa mai biya da tsabar kuɗi ya tsaya maka a rai, gyara zama in ba ka misalin wani masunci.

Mutumin nan a bakin tafki yake zaune, yana bandar kifi yana kaiwa birni. 'Yarsa tilo tana aure a wani gari mai nisa, ga ta da tsohon ciki, shi kuwa ba abin da yake so irin ya riƙa jin muryarta ba tare da ya roƙi aron wayar maƙwabta ba. Ranar da ya sayar da kifinsa kaf, sai ya shiga wani shagon waya da kuɗinsa ƙulle a lalita. Mai shago ya nuna masa wata 'yar ƙarama, ya ce in da katin banki zai biya ga farashinta, in kuwa tsaba ce sai ya ɗora wani abu a kai, don su ma sai sun biya kafin a shigar musu da kuɗin cikin asusu. Ƙarin bai kai kuɗin tarwaɗa biyu ba, amma abin ya sosa masa rai. Shi da bai taɓa riƙe kati ba, yau guminsa za a ci wa tara? Ya fice yana ƙunƙuni. Bai yi taku ashirin ba sai wani mutum da ke tsugune a inuwar katanga ya yafito shi. Mutumin ya zaro waya daga aljihu, ta fi ta shago kyau, da layi a ciki har da kuɗin kira, a rabin farashi. Babu kwali, babu rasit. Da suka yi musabaha, masunci ya ji hannun mutumin sanyi ƙalau kamar kifin da aka tsamo yanzu, alhali rana na dukan ƙwaƙwalwa. Ya lura sarai, amma arha ta ja shi, ya biya ya kama hanya.

Washegari da azahar yana gyaran komarsa ta kamun kifi sai wayar ta yi ƙara. Muryar wata tsohuwa ce, siririya, tana rawa: "Auta, ka isa lafiya?" Ya ce mata ba shi ba ne, ya kashe. Kashegari da azahar ta sake kira, ta yi tambayar nan dai, kamar ba ta ji abin da ya faɗa jiya ba. A rana ta uku ya ji numfashinta na sarƙewa da kuka. Tausayi ya kama shi, ga kuma gajiya da naci, sai ya sassauta murya ya ce, "Na isa, Inna." Ta yi hamdala, ta sa masa albarka, ta ajiye. Tun daga ranar, kullum azahar sai ta kira, shi kuma ya ba ta kalma biyu ko uku. Ya san abin da ya kamata shi ne ya kai wayar ga hukuma. To amma kuɗin kiran da ke ciki bai ƙare ba, da shi yake jin 'yarsa, da shi ma ya ji kukan jikarsa ranar da aka haife ta.

Abin da bai sani ba, 'yan'uwan Auta sun riga sun yi shirin fita nemansa, tsohuwa ta hana su, ta ce ai kullum suna gaisawa. Sai bayan kwana ashirin makiyaya suka tsinci gawarsa a wani kwazazzabo gefen hanya, masu bincike kuma suka ce tun ranar da ya bar gida aka kashe shi. Gari ya ɗauka: to wa ke amsa wa tsohuwa? Ita kuwa ta ƙi yarda ɗanta ya mutu. Da azahar ta yi, a gaban masu zaman makoki, ta sa aka danna mata lambar, aka buɗe murya kowa na ji. Can bakin tafki masunci ya ɗauka kamar kullum, ya ce, "Lafiya lau nake, Inna." Sai ya ji salati ya tashi daga bakuna da yawa, da ihun mata, da ƙarar kwanuka na zubewa ƙasa. Koma ta suɓuce daga hannunsa.

Kwana biyu tsakani jami'an tsaro suka bi sawun layin har bakin kwalekwalensa. Suka tambayi rasit, babu. Suka tambayi wanda ya sayar masa, ya kai su inuwar katangar nan, masu shagunan wurin suka rantse ba su taɓa ganin kowa ya zauna a nan ba. Wata tara ya yi a tsare kafin a kama waɗanda suka yi kisan, kuma kafin nan iyalinsa sun sayar da kwalekwale da koma wajen ɗaukar lauya. Ranar da za a sake shi aka kawo tsohuwar, ana riƙe da sandarta, ashe makauniya ce. Ta ce ya yi magana ta ji. Ya durƙusa ya ce, "Ki yafe mini, Inna." Ta girgiza kai ta ce, "A'a. Wannan ba shi ne yake amsa mini ba. Ni muryar Autana nake ji."

Yana nan da ransa har yau, yana ɗinke wa wasu koma a ba shi na abinci. In waya ta yi ƙara kusa da shi, ko ta wane ne, sai ya tashi ya bar wurin. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira akan rasa ido.